Shin buga baya ne ya mayar da Stephen Keshi babban koci?

"Assalamu alaikum Koci. Ni lamba biyar nake bugawa a wata ƙungiya ta unguwa. Shekaru sun fara ja, gwiwa ma ta fara yi mini gardama, shi ya sa nake tunanin komawa horar da yara. A majalisarmu kullum ana musu a kan marigayi Stephen Keshi. Wasu na cewa don ya buga baya ne ya iya koci, wasu kuma na cewa sa'a kawai ya taka a 2013, lokacin da ya ci wa Najeriya kofin Afirka. Ni ban riski wasansa ba. Don Allah wane irin ɗan wasa ne, wane irin koci ne, kuma me ɗan baya irina zai ɗauka daga gare shi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba gwiwa lafiya. Idan na fahimce ka, tambayarka guda ce da ta rabu gida uku, kuma cibiyarta ita ce ko akwai wani abu a cikin aikin tsaron baya da yake shirya mutum ya zama koci. Ni ma baya na buga, kuma na jima ina horar da matasa, don haka maganar ta shafe ni. Amsata a taƙaice ita ce, eh, Keshi ya ɗauko wani abu daga baya ya kai shi benci, amma ba dabarun tsare gida ba ne kamar yadda mutanen majalisarku suke zato. Abin da ya ɗauko shi ne iya jera mutane, da iya yi musu magana, da yarda ya ɗauki laifi idan abu ya ɓaci. Wannan hali ne ya ci masa kofi, shi ne kuma ya riƙa haɗa shi faɗa da manya.

Keshi a cikin fili

Yawancin tarihin da aka rubuta a kansa na nuna a Azare aka haife shi, ranar 23 ga Janairun 1962, ko da yake asalin iyayensa mutanen Illah ne a jihar Delta ta yanzu, kuma a Legas ya yi suna tun yana saurayi. Ya fara da ƙungiyar ACB ta Legas, ya koma New Nigeria Bank ta birnin Benin, inda suka ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1983 da 1984. Daga nan aka samu saɓani tsakaninsa da hukumar ƙwallo ta ƙasa a kan makara zuwa sansanin horo, aka dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa. Bai zauna jiran afuwa ba. Ya tsallaka Kwaddibuwa, ya buga wa Stade d'Abidjan, sannan Africa Sports. Ka riƙe wannan a ranka, domin tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya nuna shi mutum ne da idan aka rufe masa ƙofa sai ya nemi wata, kuma a can ne ya fara jin Faransancin da ya zo ya yi masa rana bayan shekara ashirin.

A 1986 ya tafi Beljiyam, ƙungiyar Lokeren. Shekara ɗaya kawai ya yi Anderlecht ta ɗauke shi, a lokacin da take cikin manyan ƙungiyoyin Turai. Da ita ya ci kofin ƙalubale na ƙasar a 1988 da 1989, ya ci gasar lig a 1991, ya kuma buga wasan ƙarshe na kofin Turai na masu riƙe da kofuna a 1990, wanda Sampdoria ta doke su 2-0 a ƙarin lokaci. Daga nan sai Strasbourg ta Faransa, wadda ya taimaka ta koma rukunin farko a 1992. Ya ƙare wasansa a Amurka da Maleshiya.

Yaya wasansa yake? Ƙaƙƙarfa ne, yana da kai, yana da ƙafa mai nauyi. Idan ya samu fili daga nesa yakan ɗirka wa gola, kuma yana iya aika doguwar ƙwallo ta sauka a ƙafar ɗan gaba. Bai tsaya ga ƙwace ƙwallo ya watsar ba, yakan ɗauko ta daga baya ya fara gina hari. Amma duk wanda ya kalli Najeriya a wancan zamani zai gaya maka abin da ya fi fitowa fili shi ne bakinsa da hannunsa. Kullum yana nuni, yana kiran wannan ya matso, yana tura wancan ya rufe gefe. Sunan Big Boss daga nan ya samo asali, da kuma yadda yake tsaya wa 'yan wasa a gaban hukuma a kan haƙƙinsu. Gidansa a Beljiyam ya zama masaukin matasan da suka fito neman ƙungiya, kuma shi ya yi wa Nii Lamptey na Gana hanya zuwa Anderlecht.

Ya buga wa Najeriya wasa 64, ya ci ƙwallo 9. Yana cikin waɗanda Kamaru ta doke a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1984 da kuma 1988, aka zo na uku a 1992, sannan aka ɗauki kofin a Tunisiya a 1994 ƙarƙashin Clemens Westerhof, bayan an doke Zambiya 2-1 da ƙwallaye biyu na Emmanuel Amuneke. Ga wani abu da mutane ke mantawa. A wancan wasan ƙarshe Keshi bai buga ba. Rauni da shekaru sun riga sun cim masa, Augustine Eguavoen ne ya ɗaura kambun kyaftin a fili, Keshi kuma ya ɗaga kofin. A gasar kofin duniya ta Amurka ma wasa ɗaya ya buga, da Girka. Wato ya ɗanɗani yadda babban kyaftin yake ji idan aka ajiye shi a benci saboda amfanin ƙungiya, kuma wannan darasi ya yi aiki da shi daga baya.

Abin da lamba biyar yake gani

Yanzu bari mu zo kan hujjar mutanen da ke cewa buga baya ne sirrin. Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Ɗan gaba yawanci bayansa yake bai wa fili, abin da ke gabansa gola ne da mutum biyu. Kai kuwa da kake tsakiyar baya, 'yan wasa kusan ashirin suna gabanka. Kana ganin lokacin da lamba shida ɗinku ya bar gurbinsa, kana ganin lamba biyu ya hau bai dawo ba, kana ganin ramin da za a jefo ƙwallo tun kafin a jefo. Kuma ba ka da ikon yin shiru, domin tarkon satar gida ba ya kamawa sai mutum huɗu sun taka tare, kuma dole wani ya ba da umarni. Wanda ya yi shekara goma sha biyar yana wannan aiki, ya riga ya fara koci bai sani ba.

Akwai kuma maganar kuskure. Ɗan gaba zai zubar da ƙwallo biyar, ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Kai za ka tare hari ashirin, ka zame sau ɗaya, a yi mako ana zaginka a unguwa. Wannan yana koya wa mutum jure surutu, kuma babu abin da koci yake buƙata kamar wannan.

A wajen atisaye ina da wani gwaji da nake yi wa yaran baya. Nakan haɗa 'yan baya huɗu da 'yan gaba shida, in ce wa uku daga cikin na bayan kada wanda ya buɗe baki, mutum ɗaya tak zai yi magana. Akwai wani yaro dogo da nake da shi, ya fi kowa iya tare ƙwallo, amma da aka ba shi magana sai ya riƙa ihu bayan an riga an wuce: "Ai na ce ka tare shi!" Wani kuma gajere, wanda ko gudu bai cika ba, sai ka ji shi tun ƙwallo tana tsakiya yana cewa, "Lamba uku, taku biyu ciki. Bar shi ya bi layi. Yanzu, fito!" Na farkon yana ba da labarin abin da ya faru, na biyun yana hana shi faruwa. A cikin su biyun na san wanda zai iya riƙe ƙungiya wata rana. Ka tambayi kanka wanne ne kai a cikinsu.

Sai dai kada a mayar da wannan doka. Franz Beckenbauer ya ci kofin duniya yana kyaftin a 1974, ya ci yana koci a 1990, amma Bobby Moore, wanda ya ɗaga wa Ingila kofin a 1966 kuma ba a cika samun ɗan baya mai karanta wasa kamarsa ba, bai yi wani abin kirki a aikin koci ba. A gida ma, Christian Chukwu da Eguavoen duk manyan 'yan baya ne, duk sun riƙe Super Eagles, kowannensu na uku ya kai ta, a 2004 da 2006. Mutumin da ya riga Keshi cin kofin Afirka a matsayin ɗan wasa da kuma koci, Mahmoud El-Gohary na Masar, ɗan gaba ne.

Togo da Mali

Ya fara da zama mataimaki, ƙarƙashin Jo Bonfrere a 2000, sannan ƙarƙashin Shuaibu Amodu. Su suka samar wa Najeriya gurbin kofin duniya na 2002, aka sallame su bayan gasar Afirka ta Mali, wasu suka tafi da ƙungiyar. A 2004 Togo ta ɗauke shi. Ƙasa ce da ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba, kuma tauraro ɗaya take da shi, Emmanuel Adebayor. Rukuninsu akwai Senegal, wadda shekara biyu kafin nan ta kai wasan daf da na kusa da na ƙarshe a kofin duniya, ga Zambiya da Mali da Kwango da Laberiya. Togo ta doke Senegal 3-1 a Lome, ta yi 2-2 da ita a Dakar, ta ƙare a saman rukuni a Oktoban 2005. Duk mai cewa sa'a ce kawai, ka tambaye shi wace irin sa'a ce take bin mutum wasa goma a jere.

Amma a gasar Afirka ta Masar a farkon 2006 ya samu saɓani da Adebayor a bainar jama'a, Togo ta sha kashi a wasanninta uku, aka kore shi, aka kawo Otto Pfister ɗan Jamus ya tafi da su kofin duniya. Karo na biyu ke nan ya yi noma wani ya girbe.

Mali ita ce hujjata a kan cewa Keshi ba kocin kulle gida ba ne. Ya karɓe ta a 2008 da manyan 'yan wasa irin su Frederic Kanoute da Seydou Keita da Mahamadou Diarra. A wasan buɗe gasar 2010, Angola ta zura musu huɗu, suka farke duka huɗun a cikin minti goma sha ɗaya na ƙarshe da ƙarin lokaci, aka tashi 4-4. Wasa ne da ya nuna zuciya, amma kocin da tsaro ne ƙwarewarsa ba a zura masa huɗu haka. Ba su fita daga rukuni ba, aka sallame shi. Idan ka haɗa Togo da Mali za ka ga wani abu: ya fi iya aiki da 'yan wasa masu yunwa da suke son a san da su, fiye da taurarin da suka riga suka ƙoshi.

Afirka ta Kudu, 2013

A nan nake son in daɗe, domin nan ne musunku yake. An ba shi Najeriya a Nuwamban 2011, bayan Samson Siasia ya kasa kai ta gasar 2012. Abin da ya fara yi shi ne tara 'yan wasan lig ɗin gida a sansani na tsawon makonni, yana haɗa musu wasannin sada zumunta. Mutane suka ɗauka ɓata lokaci ne. Da lokacin fitar da sunaye ya yi, ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya tafi da 'yan gida shida, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars, da Sunday Mba na Warri Wolves, da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars. Mataimakinsa kuma Daniel Amokachi ne, ɗan Kaduna.

Farkon gasar bai yi daɗi ba. Burkina Faso ta farke a daƙiƙun ƙarshe aka tashi 1-1, aka sake 1-1 da Zambiya, sai da Victor Moses ya ci fenareti biyu a ƙarshen wasan Habasha kafin aka tsallake. A wannan tsakani ne ya yanke shawarar da ni a wajena ta fi kowace nauyi. Ya ajiye kyaftin ɗinsa Joseph Yobo, mutumin da ya yi shekaru a Everton, ya bar tsakiyar baya a hannun Oboabona, ɗan lig ɗin gida, da Kenneth Omeruo, yaro ɗan shekara 19. Ka yi tunanin abin da zai biyo baya da Didier Drogba ya wulaƙanta yaran nan. Babu wanda zai zagi Omeruo, Keshi za a ci da rai. Ya san haka, ya kuma yi. A nan idon ɗan baya ya yi aiki, domin ya ga su biyun suna da sauri, suna rufa wa juna baya, kuma da Mikel Obi da Ogenyi Onazi a gabansu ƙungiyar za ta iya matsawa sama ba tare da tsoron a jefa ƙwallo bayanta ba.

A wasan daf da na kusa da na ƙarshe, Kwaddibuwa ta zo da Drogba da Yaya Toure da Gervinho, kowa ya gama yanke wa Najeriya hukunci. Emmanuel Emenike ya ci da bugun tazara, Cheick Tiote ya farke, sannan Mba ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya ya kutsa ya buga, ta goge wani ɗan baya ta haye kan gola. A wasan kusa da na ƙarshe aka lallasa Mali 4-1, Ahmed Musa na cikin waɗanda suka ci. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, minti 40 da fara wasan ƙarshe da Burkina Faso, Moses ya buga aka tare, ƙwallo ta tashi ta faɗo wajen Mba. Ya ɗaga ta da ƙafar dama ta haye kan mai tsaron baya, bai bari ta taɓa ƙasa ba ya maka ta da hagu a kusurwar raga. Yaron da a Warri yake buga wasa, wanda rabin masu kallo ba su san sunansa ba wata ɗaya kafin nan. Wasa shida, an ci 11, an zura musu 4 kacal. Ana saura kaɗan a tashi ya sako Yobo, shi ya ɗaga kofin, kamar yadda aka yi wa shi Keshi a 1994. Ya ajiye mutum bai wulaƙanta shi ba, kuma wannan ilimi ne da ba a koyarwa a kwas.

Akwai sa'a a ciki? Akwai, ƙwallon Mba ta farko sai da ta goge mutum. Amma sa'a ta same shi a fili ne domin wani ya yi ƙarfin halin sa shi. Shekara ɗaya bayan haka, a gasar CHAN ta 'yan wasan gida, Maroko ta ci Najeriya 3-0 kafin hutun rabin lokaci, aka dawo aka doke ta 4-3, Rabiu Ali na Kano Pillars na cikin masu cin ƙwallo. A kofin duniya na Brazil ya doke Bosniya 1-0, Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu duk da an sha kashi 3-2, aka kai zagaye na biyu, inda Faransa ta yi nasara 2-0 bayan an riƙe ta har minti 79.

Inda ya gaza

Ina ƙaunar Keshi, amma ba zan ɓoye maka rauninsa ba. Idan abokan karawa suka koma baya suka tsugunna, ƙungiyarsa takan rasa dabara, kamar yadda aka gani a wasan Iran da aka tashi babu ci. Canjinsa a tsakiyar wasa ba kullum yake gyara abu ba, kuma da Onazi ya ji rauni a wasan Faransa tsakiya ta watse. Yakan kuma riƙe wanda ya yarda da shi ko da wasansa ya ja baya. A neman gurbin gasar 2015, Kwango ta doke Najeriya 3-2 a Kalaba, Sudan ta doke ta a Khartum, aka tashi 2-2 da Afirka ta Kudu a Uyo, mai riƙe da kofi ya kasa zuwa kare kofinsa.

Zamansa da hukuma kuwa bai taɓa yin lafiya ba. Washegarin cin kofi ya ce ya ajiye aiki, aka lallashe shi ya dawo. Ya yi watanni yana bin bashin albashi. An cire shi a Oktoban 2014, aka mayar da shi, aka sallame shi gaba ɗaya a Yulin 2015. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna yadda aka riƙa yi da shi. Amma gaskiya ne cewa mutumin da ya saba shi ke ba da umarni tun yana fili, yana wahala ya zauna ƙarƙashin wani. Ya rasu a birnin Benin a Yunin 2016 yana da shekara 54, watanni kaɗan bayan rasuwar matarsa, Amodu kuma ya bi shi bayan kwana uku.

Hukuncin nan nawa daga kallon wasanni ne da kuma aikina da matasa, kuma riƙe yaran unguwa daban yake da riƙe ƙungiyar ƙasa. Rayuwar mutum ɗaya ma ba ta isa a kafa ƙa'ida da ita ba.

Kai kuma fa?

Tun kana bugawa ka fara. Ka roƙi kocinku ya bar maka 'yan baya na minti ashirin a kowane atisaye, ka ga ko za ka iya bayyana abin da ƙafarka ta sani da baki, domin da yawa daga cikinmu mun iya yi amma ba mu iya faɗa ba. Ka nemi ƙungiyar yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar ka riƙe, a nan za ka gane ko kana da haƙuri. Ka je ofishin hukumar ƙwallo ta jiharku ka tambayi lokacin kwas, akwai na cibiyar wasanni ta ƙasa, NIS, da ke Legas, akwai kuma lasisin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, da ake hawa mataki-mataki. Keshi da duk sunansa sai da ya yi shekaru yana mataimaki.

Abin da za ka fi shan wahala a kai shi ne gaba. Mu 'yan baya idan muka zama koci mukan ɓata kwana huɗu a kan yadda za a hana ci, mu bar 'yan gaba su yi ta kansu. Ka zauna da tsohon lamba tara ko lamba goma, ka tambaye shi abin da yake nema idan ya juya wa gola baya, da irin ƙwallon da yake so a ba shi, da abin da ɗan baya yake yi da ya fi ba shi haushi. Idan ka samu mataimaki, ka ɗauki wanda ya buga gaba, kamar yadda Keshi ya ajiye Amokachi a gefensa. Ranar da za ka ajiye babban ɗan wasanka kuma, ka kira shi gefe ka gaya masa da bakinka kafin ka karanta sunaye a gaban jama'a. Gwiwar nan kuma ka kai ta asibiti a duba kafin ka ci gaba da buga mata wasa a kan tsakuwa.